Rama da Yakuwa: Wadda Aka Kai Makaranta da Wadda Aka Bari a Bayan Ɗaki

Duk wanda ya zauna a Samaru ya san yadda watan Oktoba yake. Ruwa ya fara ɗaukewa, dawa ta fitar da kai, da asuba kuma ana jin ɗan sanyin da ke nuna hunturu na tafe. A irin wannan lokacin ne bara na je gaida gwaggona a Hayin Dogo, na tarar da ita a bayan ɗaki tana tsinkar zoɓorodo. Tushen yakuwar ba su fi ashirin ba, amma kala uku ne: akwai ja mai duhu kamar zai koma baƙi, akwai ja mai haske, akwai kuma fari wanda ake sa wa miya. Na tambaye ta inda ta sayi irin. Ta dube ni ta yi dariya, ta ce: "Kai ɗan boko, ana sayen gurguzu ne? Ai wannan tun na Inna ne, da shi aka kawo ni gidan nan." Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon gwangwanin madara cike da iri, an barbaɗa masa toka.

Daga gidan Gwaggo zuwa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wato IAR, tafiyar 'yan mintuna ce a kan babur. Sama da shekara ɗari ke nan ana binciken amfanin gona a wurin. A tsawon wannan lokaci auduga da gyaɗa da dawa sun samu kulawa, 'yar'uwar yakuwa ma, wato rama, an taɓa sa ran za ta riƙe masana'antu. Ita kuwa yakuwa ba ta taɓa zama 'yar gaban goshin gwamnati ba. Amma yau ita ce ake lodawa a kwantena ana kaiwa ƙetare, rama kuma ta koma kwanon kwaɗo. Yaya aka yi haka? Amsar tana cikin tarihi, tana kuma cikin halittar tsirran biyu.

'Yan gida ɗaya

A kimiyyance ana kiran yakuwa Hibiscus sabdariffa, rama kuma Hibiscus cannabinus. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa musu waɗannan sunaye, yakuwa a 1753, rama a 1759. Ya kira rama cannabinus ne saboda ganyenta mai yatsu ya yi kama da na wiwi. Kama ce kawai fa, babu abin maye a cikinta ko kaɗan.

Babban gidan da suka fito shi ne Malvaceae, kuma idan ka duba 'yan gidan sai ka ga kamar an jera tukwanen miyar Bahaushe ne: kuɓewa, lalo da kuka duk 'yan nan ne, haka ma auduga. Abu biyu ne ke bin jinin wannan zuri'a, yauƙi a ganye ko 'ya'ya, da kuma zare mai ƙarfi a ɓawon kara. Duk da kusancinsu, rama da yakuwa ba ɗaya ba ne a cikin ƙwayar halitta: rama tana da kuromosom 36, yakuwa tana da 72.

Akwai wani kuskure da mutane da yawa ke yi, har da 'yan kasuwar da ke kiran zoɓorodo "fure". Furen yakuwa ba ja ba ne. Fari ne mai ɗan ratsin ruwan ƙwai ko ruwan hoda, da jan ido a tsakiya. Yakan buɗe da safe, kafin yamma ya yi yaushi. Abin da muke jiƙawa mu sha shi ne kofin da ke tallafe da furen daga ƙasa. Bayan furen ya faɗi sai wannan kofi ya yi kauri, ya yi ja, ya lulluɓe ƙwanson da gurguzu ke ciki. Danginta masu jan fure na gaske su ne irin wanda ake shinge da shi a gidajen ma'aikata, wanda aka kawo daga Asiya, da kuma wani da ke fitowa a fadamun kudu maso gabashin Amurka, Hibiscus coccineus, wanda saiwarsa ke zama cikin ruwa ba ta ruɓe ba. Tamu yakuwar ba haka take ba, kwanciyar ruwa kashe ta take yi. Mai karatu ya riƙe wannan batu na ruwa, don shi ne zai raba gardama a gaba.

Tun kafin zuwan Bature

Hanya ɗaya ta gane daɗewar tsiro a cikin al'umma ita ce a ƙirga sunayen da suka ba shi. Ganyen shi ne yakuwa, a Katsina da Sakkwato da Maraɗi kuma a ce sure. Kofin shi ne zoɓorodo ko soɓorodo. Irin shi ne gurguzu. Idan aka dafa gurguzu aka rufe shi ya ruɓa, sai ya zama daddawar batso, wadda har yau ake sa wa miya musamman a Nijar. Tsiron da kowane sashe nasa ke da sunan kansa ba baƙo ba ne. Wani likita ɗan Sukotlan da ya yi aiki a Arewa, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Rama da yakuwa suna ciki, da amfaninsu kamar yadda ya tarar ana yi.

Mu Zazzagawa kuwa ba sai an ba mu labari ba. Duk tsokanar da ake mana a kan fate, ai yakuwa ce ke ba faten tsaki ɗan tsamin nan da ke sa a ƙara. Rama kuma a dafa ganyenta a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli, a sale ɓawon karanta a tufka igiya ta ɗaure dabba, ta guga, ta ɗaurin jinka.

Yawancin masana a yau sun fi karkata ga cewa asalin tsirran biyu Afirka ne, a yankin da ya taso daga Sudan ya yo yamma. A Sudan da Masar ana kiran abin shan karkade, a Senegal bisap, a Gana sobolo, sunan da kunnen Bahaushe ba zai rasa ganewa ba. A zamanin cinikin bayi na Tekun Atilantika yakuwa ta tsallaka teku tare da mutanen da aka kwasa. A farkon ƙarni na 18 an riga an rubuta cewa ana shuka ta a Jamaika. A jihar Maranhão ta Birazil har yau suna dafa shinkafa da ganyenta. A Meksiko kuwa, abin shan da ake yi da zoɓorodo sunan Jamaika yake amsawa, kuma ana sayar da shi a bakin titi kamar yadda ake sayar da zobo a tashar Kwangila.

Jirgin ƙasa, gyaɗa da buhu

A 1911 layin dogo ya iso Zariya ya wuce Kano. Sabon Gari ya girma ne a gefen tasha, da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa da kamfanonin Turawa. Abin da Ingila ta fi so daga Arewa shi ne auduga don masaƙunta, shi ya sa ƙungiyar masu bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, BCGA, ta kafa injin gurza a Zariya. Amma daga 1912 manoman ƙasar Kano suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, suka rungume ta. A 1922 aka kafa tashar binciken noma a Samaru, kuma auduga da gyaɗa na cikin manyan abubuwan da aka sa a gaba.

To, akwai abin da ba a cika tunawa ba idan ana labarin dalar gyaɗa ta Kano. Dalar nan fa tsibin buhuna ce, dubbai a kan dubbai, kuma a zamanin mulkin mallaka ba a Najeriya ake saƙa su ba. Buhun algarara daga yankin Bangal na Indiya zarensa yake fitowa, a saƙa shi a Kalkata ko a garin Dandi na Sukotlan, a ɗoro shi a jirgin ruwa. Abin dariyar shi ne tsiron da ake samun wannan zare, Corchorus, shi ne lalo, wanda muke miya da shi. Wato muna sayen igiyar lalo daga wata nahiya don mu zuba gyaɗarmu.

Muddin jiragen ruwa na tafiya lafiya, babu wanda ya damu. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse hanyoyin teku, buhu ya yi wuya. Sannan a 1947 aka raba Indiya da Pakistan, sai gonakin da ake noma zaren suka faɗa Gabashin Pakistan, wato Bangaladash ta yau, masaƙun kuma suka tsaya a Kalkata ta Indiya. Rikicin ciniki tsakanin ƙasashen biyu ya sa duk mai dogaro da algarara ya shiga taitayinsa. Ƙasashe suka shiga neman madadi, kuma rama ce ta fi kowa cancanta. Amurka da Kuba da Gwatamala suka yi bincike a kanta, har aka fitar da iri irin su Cuba 108, wanda daga baya ya iso Najeriya.

Bayan samun 'yancin kai, a shekarun 1960, aka kafa masana'antun buhu a Jos da Badagry, da niyyar manoman gida su riƙa ba su zaren rama. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, tashar Samaru ta zama cibiyar bincike a ƙarƙashinta, kuma binciken tsirran zare ya haɗa da rama. Har yau idan ka buɗe takardun masu binciken rama a Najeriya za ka ci karo da iri masu suna Ex-Shika, Ex-Giwa da Ex-Funtua. Wannan "Ex" ɗin ma'anarsa "daga". Shika, Giwa, Funtuwa: garuruwan da ke jere a kan titin da ya ratsa Samaru ke nan. Sunayen da kansu sun faɗi inda aka samo irin, wato a hannun manoman wannan yanki. An ɗauki ramar ƙauye an kai ta makaranta.

Inda gizo ya yi saƙa

Noman rama don zare daban yake da noman ta don kwaɗo. Ana shuka ta a matse ƙwarai don kada ta yi rassa, ta miƙe sama mita uku ko huɗu. Wannan ba shi da wuya. Wahalar tana zuwa ne bayan an sare. Zaren yana manne da kara da wani sinadari mai kama da danƙo da ake kira fektin. Don a raba su, sai an ɗaure karan dami-dami an nutsar a ruwa na mako ɗaya zuwa biyu, ƙwayoyin bakteriya su cinye danƙon, sannan a sale, a wanke, a shanya. Idan an cire da wuri zaren ba zai saki ba, idan an bari ya wuce kima sai ya ruɓe ya rasa ƙarfi. Ruwan kuma yakan yi ɗoyi, ba mai son a yi masa wannan a kududdufin da dabbobinsa ke sha.

A Bangal ruwa ba abin nema ba ne, ƙasa ce ta koguna da tafkuna. A nan kuwa rama tana isa sara ne wajen Satumba da Oktoba, daidai lokacin da damina ke bankwana. Wanda ke kusa da fadamar Galma ko Kubanni zai iya jiƙa 'yan damuna na igiyar gida, kamar yadda aka saba tun da. Amma tan-tan na zare mai inganci iri ɗaya, wanda inji ke buƙata kowace rana, wannan wani abu ne daban. Ga shi kuma a watannin ne manomi ke fama da cirar gyaɗa da yankan gero da shirin girbin dawa. Masana'antun ba su samu isasshen zaren gida ba, suka koma dogaro da na waje, wato abin da aka kafa su don a guje masa.

Sai kuma ƙasar ta juya gaba ɗaya. Farin 1972 zuwa 1974 ya daki Arewa. A 1975 annobar cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki. Kuɗin man fetur ya shigo, hankalin gwamnati ya bar noma, dalar gyaɗa ta ɓace. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. A gefe guda kuma ga buhun roba da ake saƙawa daga sinadarin man fetur, wanda muke kira Bagco, mai araha, mara nauyi, ba ya jin ruwa. Shiga Kasuwar Sabon Gari yau ka ƙirga buhunan masara da wake, ka ga nawa ne na algarara. Masana'antun Jos da Badagry suka durƙushe. A tsarin yau, cibiyar IAR&T ta Ibadan ce ke riƙe da alhakin binciken rama a ƙasa, ta kuma fitar da iri irin su Ifeken 100 da Ifeken 400. Sai dai har yanzu masu fitar da koko da kashu suna sayo buhun algarara daga Indiya da Bangaladash.

Raina kama ka ga gayya

Duk wannan lokaci yakuwa tana nan inda take: a kan iyakar gona, a tsakanin kunyoyin gero, a bayan ɗaki. Mata ne suka fi riƙe ta, su ke ajiye iri, su ke tsinka, su ke shanya. Babu hukumar da ta sa mata farashi, babu masana'antar da ta jira ta.

Ga inda halittarta ta taimake ta. Abin da ya karya rama shi ne tana neman ruwa a lokacin da ruwa ke tafiya. Yakuwa kuwa a daidai wannan lokaci bushewa take nema. Zoɓorodo yana nuna a Oktoba zuwa Disamba, iskar hunturu ta iso ta busar da shi kyauta. Ba inji, ba tafki, tabarma kawai da rana. Kusan kilo 10 na ɗanye ne ke ba da kilo 1 na busasshe, kuma busasshen ba nauyi, yana ajiyuwa watanni. Ga ta da jure ƙarancin ruwa da ƙasa mai yashi, shi ya sa ta fi yawa a can arewa da mu, a Jigawa da Kano da Katsina da kudancin Nijar.

Manyanmu suna cewa a shekarun matsin tattalin arziki na 1980 da 1990 ne zobon ƙulli ya cika makarantu da tashoshi, lokacin da lemon kwalba ya fi ƙarfin talaka. Daga Arewa ya gangara Kudu, har sunan "zobo" ya shiga bakin kowa a Najeriya. Mata da yawa a Samaru da Sabon Gari da kular zobo suka biya kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Kimiyya ma ta waiwayo ta. Jan launin zoɓorodo daga wasu sinadarai ne da ake kira antosayanin, tsamin kuma daga asid iri-iri. Antosayanin yana sauya launi gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki, shi ya sa idan aka jefa kanwa a zobo don a kashe tsami sai ka ga ya yi duhu. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 65 masu ɗan hawan jini. Waɗanda suka sha kofi uku na shayin zoɓorodo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7, fiye da ta waɗanda ba su sha ba. Wannan ba ya nufin mai hawan jini ya ajiye maganin asibiti, kuma zobon da aka cika wa sukari wani zance ne daban. Amma irin wannan bincike ya ƙara wa zoɓorodo kasuwa a wurin masu haɗa ganyen shayi a Turai da Amurka.

Babbar kasuwar dai ita ce Meksiko, wadda abin da take nomawa ba ya isar ta. Daga kasuwanni irin su Maigatari a Jigawa ake tara kaya, a kawo Dawanau a Kano, a tsince, a matse a buhu, a wuce Legas. Jikokin irin da ya tsallaka teku a zamanin bauta, yau daga ƙasar Hausa ake cike musu giɓi.

Sai dai a ƙarshen shekarun 2010 aka ga illar girma ba tare da tsari ba. Jami'an Meksiko suka samu wani ƙwaron rumbu mai suna kafra, Trogoderma granarium, a cikin kayan da aka kai daga Najeriya. Ƙwaro ne da ƙasashe ke tsoro ƙwarai, don tsutsarsa na iya laɓewa a tsagar bango ko ɗinkin buhu ta daɗe ba ta ci komai ba, kuma idan ya shiga rumbunan hatsi fitar da shi aiki ne. Meksiko ta dakatar da saye. Sai da aka ɗauki shekaru ana tattaunawa da hukumar killace amfanin gona ta Najeriya, NAQS, aka tsara yadda za a riƙa turara kaya da maganin ƙwari kafin lodi, sannan ƙofa ta sake buɗewa. Wanda ya fi jin jiki a tsakani shi ne ƙaramin manomin da ya faɗaɗa gonarsa saboda farashin bara.

Renon yakuwa a gida

Mai ɗan fili a bayan ɗaki, ko da taku biyar ne, zai iya noma abin da zai ishe shi miya da zobo. Abin da su Gwaggo ke yi yana da dalilinsa a kimiyyance.

Na farko, lokaci. Yakuwa tana auna tsawon yini. Ba ta fure sai yini ya fara gajarta. Zariya tana kan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, inda yini mafi tsawo a watan Yuni yake kai kusan awa 12 da minti 45, mafi gajarta a Disamba kuma kusan awa 11 da rabi. Wannan ɗan bambanci ya ishe ta. Ko ka shuka a Yuni ko a Agusta, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba za ta fara fure. Bambancin shi ne ta Yuni ta samu watanni ta yi rassa, ta Agusta kuwa za ta yi fure tana 'yar ƙarama, zoɓorodon bai taka kara ya karya ba. Don haka a shuka da zarar ruwa ya zauna, daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli.

Na biyu, wuri. Tana son rana sosai, ba ta son inuwar mangwaro ko ta katanga. Kada a sa ta inda ruwan indararo ko na wanke-wanke ke kwanciya, saiwa da gindin kara za su ruɓe. A ƙasar Samaru da ke yin tauri bayan ruwa, gara a tada kunya. Mai shuka a bokiti ko buhu ya huda ƙasansa.

Na uku, tazara. A sa ƙwaya biyu ko uku a rami mara zurfi, kamar gaɓar yatsa. Cikin mako guda za ta tsiro. Bayan mako biyu zuwa uku a rage, a bar ɗaya ko biyu, waɗanda aka cire kuma su tafi tukunya. Idan zoɓorodo ake so, a bar kamar santimita 60 zuwa 75 tsakanin tushe da tushe. Akasin rama ke nan: can ana matsewa don a hana rassa, nan ana buɗawa don a samu rassa, domin a hammatar kowane ganye ne fure ke fitowa. Idan ta kai gwiwa a tsinke kanta, za ta ƙara yaɗo.

Na huɗu, taki. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai ya wadatar. Yawan yuriya yana sa ganye ya yi lif-lif, fure ya ragu. Mai son ganyen fate zai ji daɗi, mai jiran zobo zai yi da-na-sani.

Na biyar, ƙwari. Ƙananan buzuzun nan masu tsalle da ke huda ganyen kuɓewa suna cin yakuwa ma, musamman tana ƙarama. Barbaɗa toka da safe ko fesa ruwan 'ya'yan darbejiya yana rage su. Tunda ganyen ci za a yi, a guji fesa maganin da ba a san ƙa'idarsa ba. Jan ƙwaron auduga kuma yakan zo lokacin da ƙwanso ke nuna, ya tsotse gurguzu, a kaɗe shi cikin ruwan sabulu.

Na shida, girbi. Mako biyu zuwa uku bayan fure ya faɗi, kofin ya cika amma bai yi tauri ba, lokacin tsinka ke nan. A cire ƙwanson ciki, a shanya a kan tabarma mai tsabta ko a kan wani abu da ya ɗaga daga ƙasa. Shanya a gefen titi ko a kan turɓaya shi ke kawo yashi da kashin dabbobi. Sai ya bushe ƙarau yana karyewa sannan a ajiye, a cikin mazubi mai murfi, nesa da tsohon buhun hatsi. Labarin Meksiko daga irin wannan sakaci ya faro.

Na ƙarshe, iri. A zaɓi tushe biyu ko uku mafi kyau daga kowace kala, a bar ƙwansonsu ya bushe a kan kara har ya fara tsagewa. Yakuwa mafi yawanci kanta take yi wa barbara, sau da yawa tun furen bai gama buɗewa ba. Shi ya sa 'ya'yanta ke fitowa kamar uwarsu, shi ya sa kuma kala ukun Gwaggo suka zauna a fili ɗaya shekara da shekaru kowace tana riƙe da kamanninta.

Abin da ke cikin gwangwani

Kasuwar waje kala ɗaya ta fi so: ja mai duhu, mai kauri. Manomi kuma abin da ake saye shi yake shukawa, ba wanda zai ga laifinsa. Amma idan kowa ya koma iri ɗaya, farin zoɓorodo na miya, da mai saurin nuna, da mai ganye mara tsami sosai, za su iya ɓacewa ba wanda ya lura, don ba su da suna a takarda. Ranar da wata cuta ta faɗa wa irin kasuwa, ko damina ta ƙara gajarta, a cikin waɗannan da aka raina ne mai bincike zai je neman mai juriya. Tarihin rama ya nuna mana haka: lokacin da aka tashi neman iri, Shika da Giwa da Funtuwa aka dosa.

Mu da ke karatun digiri na biyu da na uku muna yawan neman maudu'in da zai burge mujallun waje. Ga aiki nan a ƙofar gida: a bi Bomo da Basawa da Shika da Giwa, a tattara irin yakuwa da rama daga hannun matan da ke ajiye su, a rubuta sunan da suke kiran kowanne da abin da suke yi da shi, a auna, a adana kashi a rumbun iri na cibiya, a mayar musu da sauran. Ba ya buƙatar na'ura mai tsada.

Da zan tafi ran nan, Gwaggo ta ƙulla mini gurguzu a leda uku, kowace kala daban. Ta ce: "Ka kai wa malaman naku su gani. Amma ka shuka naka tukuna, kada su ce za su ajiye maka." Na shuka a ƙarshen Yuni, a bayan ɗakin da nake haya. Goma sha biyu suka tsira, biyu suka ruɓe a inda ruwan kwano ke zuba. Sauran sun fara fure a makon farko na Oktoba.